Muhawara: Shin gadon jini ne ke sa giya ta ɗaga kolestarol mai kyau, kuma hakan na kare zuciya?

Baban Tagwaye, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman a warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina da abokin aiki, dattijo ne da ya haura shekara 55, mun fi shekara goma muna ofis ɗaya, kuma ba ya ɓoye cewa yakan sha kwalbar giya ɗaya ko biyu idan an tashi daga aiki. Kwanan baya aka yi masa gwajin kitsen jini, ya dawo da takardar yana nuna mana cewa kolestarol ɗinsa mai kyau, wanda ake rubutawa HDL, ya fi na dukanmu da ba mu taɓa kai giya bakinmu ba. Ya ce su a danginsu jikinsu yana ɗaukar giya, gado ne, kuma ita ce take wanke masa jijiyoyin zuciya. Abin da ya dame ni shi ne, a ƙasan takardar na ga an rubuta awon hawan jininsa 158 a kan 96, amma shi ko kallon wurin bai yi ba. Masana, akwai ƙamshin gaskiya a zancen gadon nan, ko kuwa yana yaudarar kansa ne?

Malamin Islamiyya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ni a wurina maganar ta ƙare tun kafin a fara ta. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ce a cikin giya da caca akwai zunubi mai girma da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma, sannan aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta zo ta rufe ƙofar gaba ɗaya. A cikin Sahihu Muslim ma, da wani sahabi ya ce yana haɗa ta ne don magani, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce. Ina tsoron kada tattauna amfaninta ya zama buɗe wa matasanmu ƙofa.

Baban Tagwaye, Unguwar Rimi

Allah ya gafarta Malam, hukuncin addini ba ni da ja a kansa. Sai dai mutumin da nake magana a kansa ba Musulmi ba ne, kuma nan Kaduna ce, muna cuɗe da juna a ofis da kasuwa da unguwa. Idan na je masa da aya zai ce wannan addinina ne, amma idan na je masa da abin da ke faruwa a cikin hantarsa, wataƙila ya saurara.

Malama Mai Koyar da Sinadaran Jiki, Malali

Yaya Baban Tagwaye, abokinka ya kama gefen gaskiya ne ya saki tsakiyarta. Bari in fara da abin da ya faɗa daidai, domin akwai shi.

Idan giya ta shiga jiki, hanta ce ke yin mafi yawan aikin sarrafa ta, kuma a mataki biyu take yi. Da farko wani sinadarin aiki da ake kira ADH yana mayar da barasar zuwa asetaldihaid, wanda guba ne da ya fi barasar kanta illa. Daga nan wani sinadarin, ALDH2, ya karɓi gubar ya mayar da ita asitet, wanda jiki ke iya ƙonawa ba tare da wahala ba. Ku ɗauka kamar mai surfe ne da mai niƙa. Idan mai surfen tana da zafin nama mai niƙan kuma injinsa ya lalace, hatsi zai taru a tsakani. A nan abin da ke taruwar guba ne.

Kowanne daga cikin waɗannan sinadarai akwai ƙwayar gado da ke ba da umarnin ƙera shi, kuma mutane sun bambanta a irin wadda suka gada. Wanda ya fi shahara shi ne wani sauyi a ƙwayar ALDH2 da ya yawaita a Sin da Japan da Koriya, wanda aka ƙiyasta mutum kusan miliyan 540 ke ɗauke da shi. Mai wannan sauyin idan ya kurɓi giya kaɗan sai fuskarsa ta yi jajawur, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, tashin zuciya ya kama shi, domin gubar ta taru ba mai kwashewa. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba duka kusan ba ya iya sha kwata-kwata. Akwai kuma sauyi a ƙwayar ADH1B da ke sa matakin farko ya yi gudu fiye da ƙima, shi ma yana sa shan ya zama babu daɗi, masu shi kuma galibi ba sa sha da yawa. Saboda haka gaskiya ne cewa jikin wani yana ɗaukar giya fiye da na wani, kuma gado yana da hannu a ciki.

Gaskiya ne kuma cewa giya tana ɗaga HDL. An gwada hakan sau da dama, kuma wani nazari da aka tattara a 1999 ya nuna cewa giram 30 na barasa a rana yana ƙara HDL da kimanin miligiram 4 a kowace desilita ta jini. Kwalbar giya babba mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24, ka ga abokinka yana kewayen wannan adadin ko ya zarce shi. Takardarsa ba ƙarya ta yi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ko wannan ƙarin yana kare shi daga wani abu.

Uwargida, Sabon Tasha

Malama, ina bin bayaninki da kyau, amma ina da tambaya. Kakana a ƙauye ya sha burkutu tun yana saurayi har ya haura shekara 90, yana noma da kansa kusan har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba a taɓa kwantar da shi a asibiti saboda zuciya ba. Ni kaina ba na sha, a cocinmu ma ana hana mu, amma idan na tuna shi sai in ga kamar akwai mutanen da ba ta yi musu komai. Na kuma daɗe ina jin ana cewa mutanen Faransa suna cin kitse sosai amma jan ruwan inabi yana kare su. Shin duk wannan tatsuniya ce?

Likita, Barnawa

Mama, Allah ya jiƙan kaka. Abin da zan roƙe ki shi ne ki ƙirga abokan shansa da suka fara tare, ki ga nawa ne suka kai tamanin. Wanda ya daɗe shi ake tunawa, waɗanda suka tafi suna da shekara hamsin sai a ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya auna jininsu balle ya duba hantarsu. Ga shi kuma mutum ne mai noma da hannu, mai cin tuwon dawa da miyar ganye, ba mai zama a ofis daga safe zuwa la'asar ba.

Zancen Faransa kuwa yana da tarihi. A 1992 wasu masu bincike biyu na ƙasar, Renaud da de Lorgeril, suka wallafa a mujallar Lancet cewa giya na iya zama dalilin ƙarancin ciwon zuciya a can, kuma maganar ta bazu a duniya. Nazarce-nazarce da yawa sun riƙa nuna cewa masu sha kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha lafiyar zuciya. Mu kanmu an koya mana wannan a makaranta. Har ma a 2001 aka fitar da wani bincike a Amurka, a kan likitoci maza, wanda ya yi kama da hujjar abokin Baban Tagwaye ƙwarai: an ga cewa waɗanda suka gaji nau'in ADH1C (wata ƙwayar gado ta matakin farko na sarrafa barasa) mai aiki a hankali daga iyaye biyu, kuma suke sha kullum daidai gwargwado, sun fi kowa yawan HDL, sun kuma fi kowa ƙarancin toshewar jijiyar zuciya. A lokacin an ɗauka magana ta ƙare, tunda ga gado, ga HDL, ga kariya, duk sun jeru.

Amma tun 1988 wani mai bincike a Birtaniya, Shaper, ya ja hankali kan wata ɓaraka. Cikin waɗanda ake lissafawa a matsayin marasa sha akwai mutane da yawa da rashin lafiya ce ta sa suka daina. Idan ka zuba marasa lafiya a rukunin marasa sha, dole masu sha su fito kamar sun fi lafiya. Sannan a ƙasashen Turai mai shan kofi ɗaya a kan abinci galibi mutum ne mai hali, mai ilimi, mai zuwa asibiti a kan kari. Wane ne ya kare shi, kofin ko aljihun?

Ɗalibin Shika

Ranka ya daɗe Likita, to ta yaya aka raba gardamar? Ai ba za a tara mutum dubu a ce rabi su sha giya shekara ashirin don a ga abin da zai faru ba.

Malama Mai Koyar da Sinadaran Jiki, Malali

Ƙanena, a nan ne gadon da abokin Yaya yake kafa hujja da shi ya juyo ya zama shaida a kansa. Ba sai an tara kowa ba, domin an riga an jefa ƙuri'ar tun ranar da aka ɗauki cikin mutum. Wanda ya gaji nau'in da ke sa giya ta yi masa ɗaci zai rage sha tsawon rayuwarsa, ba don ya fi wani kuɗi ko ilimi ko tsoron Allah ba, kuma ba don ciwo ya hana shi ba. Idan aka kwatanta lafiyar zuciyar waɗannan da ta sauran mutane, an kusa samun tasirin giyar ita kaɗai. Wannan dabara ana danganta sunanta ga Mendel, malamin cocin nan da ya gano dokokin gado ta hanyar shuka wake.

A 2014 mujallar BMJ ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 56, mutum sama da 260,000 'yan asalin Turai. Masu ɗauke da nau'in ADH1B mai sauri sun sha ƙasa da sauran da kimanin kashi 17 cikin ɗari, kuma an same su da ƙarancin hawan jini, ƙarancin ƙiba, da raguwar haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kusan kashi 10 cikin ɗari. Da a ce shan kaɗan yana karewa, da waɗanda gado ya rage wa sha sun fi shan wahala a rukunin masu sha kaɗan, amma ba haka aka gani ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙasar Sin da Lancet ta fitar a 2019. An bi mutum sama da 500,000 a yankuna 10 na tsawon kusan shekara goma, aka duba ƙwayoyin gadon fiye da 160,000 daga cikinsu. Da aka yi lissafi irin na da, wato a tambayi mutum nawa yake sha, sai tsohuwar kariyar nan ta sake bayyana. Da aka yi lissafi da gado, sai ta ɓace: gwargwadon yawan sha, gwargwadon hauhawar jini da shanyewar ɓarin jiki, ba wani lungu da kaɗan ya fi babu. HDL ya hau kamar yadda aka zata, amma bai hana komai ba. Ga kuma inda hikimar take. Matan yankunan kusan ba sa sha, kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke sha a kowane mako, alhali maza sun kai kashi ɗaya cikin uku. A cikin matan, waɗannan ƙwayoyin gado ba su nuna irin wannan tasiri a kan hawan jini ko shanyewar jiki ba. Ma'ana ba ƙwayar gadon ce ke yin ɓarnar da kanta ba, giyar ce.

Injiniya Mai Ritaya, Kakuri

Malama, ni mutum ne mai son a faɗi magana da ƙarshenta. Na karanta labarin wannan bincike na Sin lokacin da ya fito, kuma abin da na riƙe shi ne cewa a kan shanyewar ɓarin jiki sakamakon ya fito fili, amma a kan toshewar jijiyar zuciya bai nuna ƙari ko ragi a sarari ba. Idan haka ne, bai kamata a ce an rushe maganar kariyar zuciya gaba ɗaya ba. Ba ina kare giya ba ne, na ga abin da ta yi wa ma'aikatan masaƙu a unguwar nan bayan an rufe kamfanonin, amma kada mu ƙara gishiri don maganar ta yi daidai da abin da muke so.

Malama Mai Koyar da Sinadaran Jiki, Malali

Baba Injiniya, gyaranka daidai ne, kuma na karɓa. A kan toshewar jijiyar zuciya binciken na Sin bai yanke hukunci ba, masu shi ma sun faɗi cewa waɗanda suka kamu da ita a cikin mutanen ba su kai yawan masu shanyewar jiki ba. Abin da nake tsaye a kai shi ne, bai nuna kariya ba, na Turai kuma ya nuna akasinta.

Likita, Barnawa

Bari in ƙara a kan abin da Baba ya kawo, domin tushen ruɗanin shi ne sunan da muka laƙaba wa HDL. Da muka ce masa mai kyau, sai kowa ya ɗauka duk abin da ya ɗaga shi alheri ne. Aikinsa shi ne kwaso kolestarol daga sassan jiki ya mayar hanta, kamar motocin kwasar shara. To amma yawan motocin da ka gani a fake bakin titi ba ya nufin an kwashe bolar. Kamfanin Pfizer ya ƙera wani magani mai suna torcetrapib wanda ya ɗaga HDL da fiye da rabi, nesa da abin da giya za ta iya, amma a Disambar 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda masu shan sa sun fi mutuwa. A 2012 kuma wani babban nazarin gado ya nuna cewa mutanen da aka haifa da wani sauyi mai ɗaga HDL shi kaɗai ba su samu raguwar ciwon zuciya ba. Ku kwatanta da LDL, wanda ake kira mara kyau: a 2006 an gano cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka, kimanin biyu zuwa uku cikin ɗari, suna da sauyi a ƙwayar PCSK9 da ke rage musu LDL da kashi 28 cikin ɗari, kuma haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 88. Wannan shi ne kitsen da idan ya motsa zuciya take ji.

Sannan giya ba HDL kaɗai take taɓawa ba. Yayin da hanta ta duƙufa kan ƙona barasa, tana jingine ƙona kitse, sai kitsen ya taru a cikinta, wani kuma ta tura shi cikin jini a matsayin tiragilisarayid. Tana ɗaga hawan jini, tana birkita bugun zuciya, idan shan ya yi yawa shekara da shekaru kuma tana sassauta naman zuciyar ya buɗe ya kasa harba jini. Mu a nan abin da ke cika mana gadajen asibiti shi ne hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Zariya da Kano, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki a wurinmu. Don haka ko da gardamar Baba Injiniya ta tsaya yadda take, ɓangaren da ya fito fili shi ne wanda ya fi shafarmu. Ni lambar 158 a kan 96 ita ce ta fi tsaya mini a takardar nan.

Ɗalibin Shika

Duk misalan nan na Turawa ne da mutanen Asiya. Mu fa? Akwai irin wannan bambancin gado a cikinmu?

Malama Mai Koyar da Sinadaran Jiki, Malali

Akwai. Wani nau'i na ADH1B da ake yi wa lamba ta uku kusan a cikin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsa, yana saurin sarrafa barasa, kuma nazarin da aka yi a kan baƙaƙen fatar Amurka ya danganta shi da raguwar kamuwa da jarabar giya. Sauyin ALDH2 mai sa jan fuska kuwa na gabashin Asiya ne, da wuya a same shi a nan. Abin takaicin shi ne, Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma 'yan asalinta kaso kaɗan ne ƙwarai cikin waɗanda manyan nazarce-nazarcen gado suka duba, shi ya sa aka kafa shirin H3Africa na nazarin gado da lafiya a Afirka a 2010. A jihar nan kaɗai ƙabilu nawa ne, daga Bajju da Atyap da Ham zuwa Gbagyi da Adara da Hausa da Fulani? Ɗaukar sakamakon Sin a ɗora wa kowannensu kai tsaye ganganci ne, kuma aiki ne da ke jiran irinku.

Amma a lura da wani abu game da kalmar ɗauka. Mutumin da ba ya jin jiri ko tashin zuciya bayan kwalba biyu bai tsira ba, ƙararrawar gargaɗinsa ce ba ta kaɗawa, shi ya sa yake iya zarcewa. Galibi ma ba gado ba ne, sabo ne: hantar mai sha kullum tana ƙara ƙera wani sinadari, CYP2E1, wanda ke taya ƙona barasar amma yana barin ɓarna a bayansa.

Mai Harhaɗa Magunguna, Kawo

Ina so in ƙara abin da nake gani a kan kanta. Maganin disulfiram da ake ba masu son daina sha aikinsa shi ne toshe matakin nan na biyu da gangan, ya mayar da mutum kamar wanda ya gaji sauyin Asiya, ta yadda kurɓi ɗaya zai jigata shi. Gargaɗin da muke yi wa mai shan Flagyl cewa ya nisanci giya shi ma tsoron irin wannan yanayin ne. Wani abin mamaki kuma, ƙwayar nitirogilisarin da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, ALDH2 ne ke taimakawa wajen kunna ta a jiki, don haka ba ta aiki sosai ga masu wancan sauyin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu hawan jini da ke zuwa suna cewa magani ya daina yi musu aiki, a ƙara musu wani. Idan ka bi a hankali sai ka tarar ana haɗawa da giya, ko da ɗan abin leda mai ɗaci da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, wanda mai sha ba ya ma lissafa shi a matsayin giya. Wannan kuwa, Allah ya gafarta Malam, ba a unguwa ɗaya ko addini ɗaya ya tsaya ba. Ga kuma ogogoro da ba a san yadda aka dafa shi ba; a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda gubar metanol a cikinsa, kuma sinadarin ADH ɗin nan ne ke mayar da metanol gubar da ke makantarwa.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada

Maganar abin leda gaskiya ce, mun sha yin wa'azi a kanta, kuma ban ji daɗin yadda ta yaɗu a tsakanin 'yan acaba da masu Keke ba. Na janye tsoron da na nuna da farko. Abin da ban sani ba shi ne ko hukumomin lafiya sun fito sun faɗi wannan a sarari, ko kuwa har yanzu suna kan maganar kofi ɗaya.

Likita, Barnawa

Sun faɗa, Malam. Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya ta fitar da matsaya a Janairun 2022 cewa babu wani adadin giya da ke da amfani ga zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Janairun 2023 ta ce babu adadin da za a kira mara haɗari ga lafiya. Wani ɓangare na dalilinta sankara ce, domin tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ta, kuma masu sauyin ALDH2 da suka dage da sha sun fi kowa haɗarin sankarar maƙoshi.

Baban Tagwaye, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na tura masa bayanin Malama da na Likita jiya da dare. Da safe ya ce mini shi bai yarda da duka ba, har yanzu yana riƙe da maganar Baba Injiniya, amma ya amince mu je a sake auna jininsa ranar Asabar, kuma ya tambaya ko sai ya yi azumi kafin a sake gwajin kitsen.

Likita, Barnawa

Awon hawan jini ba ya buƙatar azumi, sai dai ya zauna ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa abin awon, kada ya sha kofi ko taba rabin awa kafin nan, kuma a maimaita a wata rana dabam kafin a yanke hukunci. Idan za a sake duba tiragilisarayid, ya kwana bai ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai, kuma kada ya sha giya aƙalla kwana ɗaya kafin gwajin, domin tana ɗaga lambar. Ya roƙi a haɗa masa da gwajin hanta da na suga. Idan kuma ya yanke shawarar dainawa alhali ya saba sha kullum, ya fara gaya wa likitan da zai gan shi adadin da yake sha na gaskiya, saboda wanda jikinsa ya saba sosai yana iya samun karkarwa ko farfaɗiya idan ya yanke lokaci ɗaya. Ya zo da tsohuwar takardar a kwatanta.